Gyaran Shinkafar Doña Monse

Shekarar da jiragen yaƙi suka hana shinkafa shigowa garinmu Ponce, ni ke riƙe da kantin unguwarmu. Buhu ɗaya hukuma ke ba ni a mako. Wannan makon gidajen gabas da titi, na gaba gidajen yamma, kowa awo ɗaya, in huda masa kati. Abin da ya saura a gindin buhu shi ne rabon gidana. Gyaran da akan ƙara wa mai saye kuwa, tun farkon yaƙi na soke shi.

Ran Talata Doña Monse ta iso gabana da gwangwani wayam.

"Don Cándido, gobe soja za su tafi da ɗana Efraín. So nake ya ci shinkafa da wake kafin ya hau jirgi."

"Ku 'yan yamma sai mako mai zuwa. Dafa masa ayaba."

"Wata guda ke nan ita yake ci."

"Ni ma ita nake ci. Matsa, akwai mutane."

Ta matsa, amma ba ta tafi ba. Ta jingina da buhunan gawayi.

Na auna wa Tomasa mai wankau nata. Ta ƙi gusawa.

"Ina gyarana?"

"Gyara ya tafi yaƙi."

"Ji marowacin tsoho! Shekara ashirin ina sayen busasshen kifinka mai wari. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sallamata haka ba."

Tun asuba nake tsaye, ƙafafuna sun kumbura. Na tsakuro 'yar kaɗan na zuba mata a tafin hannu don ta rabu da ni. Sai ta juya ta juye a gwangwanin Monse.

Nan na jawo wa kaina. Ta bayan Tomasa ta miƙo hannu, ta bayan wannan ma haka, kowace ta karɓa sai ta juye wa Monse. Mata ashirin da bakwai, kowace da bakinta.

"Da yatsu uku, Don Cándido? Hannun naka shanyewa ya yi?"

Kafin rana ta take, gwangwanin ya kusa cika. Na zazzage buhun, ƙura ta fito da ƙwari biyu.

Monse ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Je ki dafa," na ce. "Rufewa zan yi."

A gida matata Herminia ta riga ta ɗora ruwan shinkafa. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta jawo ɗanyar ayaba ta hau ɓarewa. Na zauna na cire takalmi.