Zane Uku a Jikin Kwalba

Bugun bangon ya sake zuwa, wannan karon a hankali, kamar mai bugun ya fara gajiya. Sawsan ta sauke tukunyar wake daga kan wuta, ta zari mukullin da ke rataye a bayan ƙofarta, ta fita ko takalmi babu. Mukullin gidan Hajja Nafisa ne, maƙwabciyarta da ƙofofinsu ke kallon juna a hawa na huɗu. Ɗan tsohuwar, Mamduh, direban ƙaramar bas ne, tun asuba yake fita, shi ya sa ya bar mata amanar uwarsa.

A ƙasan kicin ta same ta, ta jingina da firji, ludayin da ta bugi bango da shi yana kan cinyarta. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali sharkaf. Ta yi amai a gefe, ta jawo tsumma ta rufe, don Hajja ko a wane hali ba ta son a ga ƙazantarta.

"Hajja, me ya same ki?"

"Cikina ne, 'yar nan. Kamar an kunna risho a ciki." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Kada ki tara mini mutane. Firyal ta ƙasa ta ji, kafin azahar duk unguwar Bakus ta yi mini ta'aziyya."

Sawsan ba ta saurare ta ba. Ta kira motar asibiti, ta ce wata tsohuwa ce mai ciwon zuciya ta faɗi, ta kwatanta musu lungun. Ta kira Mamduh, ya ce yana can ƙarshen gari da fasinja cike da mota, amma ga shi nan. Sannan ta durƙusa ta tallabo kan tsohuwar. Hannun Hajja sanyi ƙalau, yana rawa kamar ba nata ba.

"Kin sha ƙwayarki ta safe?"

"Na sha. Har da maganin tari."

"Wane maganin tari?"

Hajja ta nuna teburi da haɓa.

Teburin kicin ɗin nan ya daɗe da daina zama na cin abinci. Tun bara da likita ya ce wa Mamduh hayaƙin tabarsa ne ke cinye ƙirjin uwarsa, ya jefar da kwalin, ya koma sigarin lantarki. Ruwan da ake zuba masa kuwa ya ce na shago rabinsa algus ne, sai ya koyi haɗa nasa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai sa safar hannu, ya jera sirinji da ƙaramin ma'auni, ya auna wani mai mai kauri, ya ɗiga ƙamshin mangwaro ko na gwaiba, ya girgiza, ya kai kwalaben cikin kabad mai duhu wai sai sun nuna. Benen gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin mangwaro. Hajja takan zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana tsokanarsa.

"Sannu likita. Da ka yi wa karatunka rabin wannan hidimar, da yanzu ba ka ihun neman fasinja a tasha."

"Umma, don ƙirjinki nake yi."

"Ƙirjina ya gode. Ka haɗa mini mai ɗanɗanon surukuwa, shi nake jira."

A cikin kayan nan duka, ɗaya ne ba ya wasa da shi: nikotin, sinadarin taba, wanda ba a sirka ba. Ya taɓa ce wa Sawsan ko a fata ya ɗiga sai mutum ya ji jiri. Haske da zafi suna ɓata shi, don haka yake ajiye shi a baƙar kwalba irin ta magani, a can ƙuryar wurin ƙanƙara. Ya bi maƙwabta yana roƙon tsoffin kwalaben magani, Sawsan ta ba shi ta maganin tarin 'yarta Rim. Ta wanke ta da sabulu har sau biyu. Takardar jikinta ce ta ƙi fita, ita kuma tana sauri, ta miƙa masa a haka.

Kwalbar ce yanzu a kan teburin, murfi a gefe, cokali kusa da ita. Mamduh ya manna farin salatef a wuyanta ya rubuta "guba" da jan biro. Amma ƙasa da rubutun, a kan tsohuwar takardar, zanen mai kyamis yana nan raɗau, layi uku a tsaye, irin wanda suke yi wa waɗanda ba su yi makaranta ba, wato sau uku a rana. Hajja Nafisa ba ta taɓa karanta harafi ko ɗaya ba. Zanen mai kyamis kuwa ta fi kowa iya karanta shi.

Sawsan ta juyo wurin Hajja.

"Nawa kika sha?"

"Cokali ɗaya, na safe. A murfin firji na gan shi, na ce yaron nan ya ji tarina jiya ya sayo mini bai faɗa ba." Ta yamutsa fuska. "Ya ƙone mini maƙogwaro. Na ce to, mai kyau ne, magani ai ba ya daɗi."

Gobe Juma'a. Mamduh ya sauko da kwalbar daga ƙanƙara ne don ta saki kafin ya yi haɗi. Sawsan ta gane haka ba tare da kowa ya faɗa mata ba. Ta lalubo wayarta.

"Wa za ki kira kuma?"

"Masu motar. In gaya musu abin da kika sha, su zo da shiri."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi teburin, ta daɗe tana kallon sirinjin da ke jere a cikin kofi. Ba a banza ta tsufa ba.

"Kayan Mamduh ne."

Sawsan ta shiga neman lambar.

"Ajiye wayar nan, Ummu Rim."

"Hajja, in sun sani za su iya..."

"Za su iya me? Ni na san jikina. Tun ɗazu ƙafafun nan suka yi mini sallama." Ta kamo gefen rigar Sawsan da wani ƙarfi da ba a san tana da shi ba. "Kin manta mijin Firyal? Da aka ce ba a gane abin da ya kashe shi ba, kwana nawa ya yi a firjin gwamnati? Suka farke shi kamar buhu, suka ɗinke. Ni ba za a buɗe ni a gaban maza ba. Yau nake so in kwana kusa da uban Mamduh."

"Daina faɗar haka, don Allah."

"Shi kuma su tafi da shi ofishin 'yan sanda, a ce ya kashe uwarsa. Ko sun sake shi, zai saki kansa? Yaron da ya yi sati bai ci abinci ba don ya take kyanwa da mota." Numfashinta ya sarƙe, ta jira ya dawo. "Sa kwalbar a aljihunki. Kada likita ya ji, kada shi ya ji. Ki rantse."

Sawsan ba ta rantse ba. Ta miƙe, ta rufe kwalbar, ta jefa ta aljihun rigarta, ta wanke cokalin. Sai kuma ta sake ɗaukar wayar ta kira, zuciyarta na cewa rai ya fi amana. Layin ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka, wata murya ta ce mota tana bakin titi, masu teburin kayan miya sun toshe lungun, a yi haƙuri, sannan aka kashe kafin ta buɗe baki.

Ta koma ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan Hajja a cinyarta. Rawar jikin ta ragu. Tsohuwar ta ce a gyara mata ɗankwali, gashinta ya fito. Sawsan ta gyara. Ta fara laƙƙana mata kalmar shahada, leɓen Hajja yana bi a hankali, har ya zamana Sawsan ce kaɗai ke faɗa. Daga ƙasa mai sayar da gas yana ta buga tukunyarsa da ƙarfe, ba ya ko gajiya.

Da masu motar suka hauro da gadonsu suna haki, babbansu ya taɓa wuyanta, ya ɗaga fatar idonta, ya ce Allah ya ji ƙanta, su ba sa ɗaukar mamaci, a nemo likitan ofishin lafiya ya ba da izinin binnewa. A matakala suka yi karo da Mamduh. Sawsan ta ji lokacin da gudunsa ya tsaya.

Kafin azahar gidan ya cika. Firyal ta hauro da mata, aka kwantar da Hajja a gadonta, aka lulluɓe ta. Mamduh ya zauna a kujerar falo, mukullin mota har yanzu a hannunsa, ana yi masa magana yana gyaɗa kai. Duk inda Sawsan ta juya, kwalbar tana bugun cinyarta. Ta tuna ranar da ta tsaya a bakin famfo tana kankare takardar nan da farce, Rim tana kiranta daga ɗaki, ta ce ai ba komai.

Likitan ya zo, wani siriri mai furfura a gefen kai, da alama gida na nawa ke nan da ya shiga tun safe. Ya duba mamaciyar, ya juya kwalayen ƙwayoyin zuciyarta da ke kan durowa, ya fito falo.

"Wa ke tare da ita?"

"Ummu Rim ce," in ji Firyal. "'Yar da ba ta haifa ba. Mu sai an gama ake kiran mu."

Likitan ya juyo. "Ya aka yi, madam?"

"Ta buga mini bango. Na same ta a ƙasa tana gumi."

"Ta yi amai?"

"Ta yi."

"Ta ci wani abu da ba ta saba ba? Ko ta sha wani magani bayan waɗannan?"

Mamduh ya ɗago kai, yana jiran amsar kamar kowa. Idanunsa sun yi ja, gefen bakinsa na motsi irin na uwarsa. Sawsan ta sa hannu a aljihu, ta damƙe kwalbar. Sanyin firjin ya riga ya fita daga jikin kwalbar, ta ɗauki ɗumin cinya. Kalma ɗaya ce tsakaninta da sauke wannan kaya, kuma ta san wanda zai ɗauka in ta sauke.

"Shayi ta sha da gurasa," ta ce. "Sai ƙwayarta ta safe."

Likitan ya gyaɗa kai. Ya ce zuciya ce, da ma irin wannan ba ta sallama. Ya sa hannu a takardar izinin ya miƙa wa Mamduh, ya ce su hanzarta su samu sallar la'asar.

Mata suka shiga shirin wanka. Sawsan ta shige kicin don ɗora ruwa, ta tsaya ta dafa bakin murhu. Ba ta ji shigowar Mamduh ba sai da ya buɗe firji. Ruwan sanyi ya zo ɗauka wa masu haƙa kabari, amma ya tsaya yana kallon murfin, ya matsar da kwalbar madara, ya leƙa bayanta.

"Ummu Rim, akwai wata baƙar kwalba a nan."

"Tana wurina." Muryarta ta fito daidai, har ta ba ta mamaki. "Na ɗauke kafin mata su shigo. Ka san yara za su cika gidan."

Ya runtse ido, ya dafe goshi.

"Allah ya saka miki. Tun jiya na sauko da ita, wallahi na manta. Ki duba fa, da wani yaro ya ɗauka?" Ya girgiza kai. "Ki zubar da ita. Duka ma zan kwashe. Wadda nake yi dominta ta tafi."

"Zan zubar."

"Ta ce wani abu? A ƙarshe?"

"Ta ce a kai ta kusa da babanka yau. Kuma kada ka zauna da yunwa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, ya ɗauki gorar ruwan ya fita.

Bayan la'asar maza suka sauka da makara, suna juya ta a hankali a kowace kwanar matakala. Sawsan ta koma gidanta, ta tuttule kwalbar a masai, ta bi ta da ruwa bokiti bayan bokiti, ta wanke hannu har ya yi ja. Rim ta dawo daga makaranta tana tambaya me ya sa waken bai dahu ba, Sawsan ta ce mata ta je wurin Firyal ta ci.

Ta fita baranda. A ƙasa ana sauke kujerun zaman makoki daga mota, ana jera su layi-layi a lungun. A igiyar barandar da ke kusa da tata, wankin Hajja na safe yana nan: baƙar riga, da safa biyu, da rigar aikin Mamduh da ta juya cikinta waje don kada rana ta cinye launin. Sawsan ta miƙa hannu ta taɓa bakin rigar. Ba ta gama bushewa ba. Ta bar ta a nan.