Wanda Inna Hajjo Ba Ta Lissafa Ba

Fiddausi na tankaɗen garin masara da hantsi sai wani hoto ya shigo wayarta. Takarda ce mai faɗi, an jera sunayen zuriyar gidan mijinta tun daga kakan da ya fara kafa bukka a bayan Gwandu. Baffa Abdulrasheed ne ya haɗa ta, wani ɗan uwan surukanta na nesa da ya shekara talatin yana koyarwa a Kaduna kafin ya dawo Kalgo. Ya ce ranar Juma'a zai buga ta, ya aika wa dangi har na Yamai da Kumasi.

Ta goge hannu a zane, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta gangaro kan sunan surukinta, marigayi Malam Isa. 'Ya'ya huɗu a ƙarƙashinsa. Ta ƙirga har sau uku. Babu mijinta, wanda ya rasu shekara biyu ke nan. Tunda babu shi kuwa, babu 'yarsu Mubaraka. Yarinyar da ba ta da uba a raye, in takardar nan ta bazu a haka, wa zai san tasu ce nan da shekara ashirin?

Ta rufe garin da faifai, ta ja hijabi, ta nufi gidan Baffa.

"Baffa, an bar Baban Mubaraka."

Ya gyara tabarau. "Ɗiyata, ni ba na rubuta sai abin da na ji daga bakin manya. Hajjo da kanta ta lissafa mini 'ya'yan da ta haifa wa Malam Isa. Huɗu ta ce."

"Shi ne na fari, Baffa. Nan Kalgo aka yi riƙonsa, wurin kawunsa."

"To mu je ta faɗa da bakinta."

Washegari suka hau mota su uku. Mubaraka, 'yar shekara shida, ta sha barcinta a cinyar uwar har Gwandu.

Sun iske Inna Hajjo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tana hango jikarta ta washe baki.

"Wa nika gani? 'Yar birni mai ƙin fura! Kin zo cinye min gyaɗa ko?"

"Ke ma ai ba ki da haƙoran ci," in ji Mubaraka, ta faɗa jikinta.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Baffa ya shimfiɗa takardarsa a tabarma, ya danne kusurwoyin da takalmansa.

"Hajjo, ƙara lissafa mini 'ya'yanki."

Ta lanƙwasa yatsu. "Lawal, Delu, Hauwa, sai Muhammad Sani, auta."

"Kafin Lawal fa?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ba da ita ake ba. Sai a nan Fiddausi ta gane. Ba mantuwa ba ce, ba kuma ƙi ba ne. Kunyar ɗan fari ce. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa nata ne a gaban mutane ba, mutuwa ma ba ta sauya wannan ba.

"Inna," ta ce a hankali, "in ba a sa shi ba, ba za a sa yarinyar nan ba."

Hannun Inna ya tsaya cak. "To ke ki faɗa mishi mana."

Fiddausi ta buɗe baki, ta rufe. Shekara bakwai da aurensu, ita ma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, balle yau a gaban uwarsa.

Baffa ya dube su, ya yi dariya har tabarau ya zamo. "Ikon Allah! Mutum guda, mata biyu sun san shi, an rasa mai faɗa."

Fiddausi ta jawo 'yarta, ta gyara mata ɗankwali. "Tashi tsaye. Yaya malama take kiranki in ana kiran suna a makaranta?"

Mubaraka ta miƙe, ta manne hannaye a jiki. "Mubaraka Lukuman Isa!"

Baffa ya juya wajen tsohuwa.

"Hajjo," in ji Baffa, "gaskiya ta faɗa?"

Inna ta juya fuska wajen danga, ta daɗe tana goge ido da bakin mayafi.

"Ai ka ji," ta ce. "Ɗiyar ga ba ta ƙarya. Sa shi sama da Lawal."

Wurin ya yi kaɗan, sai da Baffa ya matse rubutu. Fiddausi ta tsaya a kansa har ya ja layi ƙasa ya rubuta sunan Mubaraka, ta duba harafi bayan harafi, sannan ta ɗauki hoton takardar da wayarta.

Inna ta jawo yarinyar. "Zo nuna min inda aka sa shi."

Mubaraka ta kama yatsan kakarta, ta ɗora shi a kan sunan.