Lallen Hamida a Bayan Jan Gilashi

Wata bakwai fim ɗin yana cikin akwatin Malam Yahuza mai hoto bai wanke shi ba. In an tambaye shi sai ya ce maganin wankewa ne ya ƙare, kuma hanyar Kano ba ta biyuwa ga mai shekarunsa. Gaskiya ne. Amma ko da maganin ya zo Ƙanƙara sai da ya ƙara wata biyu yana kewaya akwatin, don hoton ƙarshe da ke ciki na matarsa ne, Hamida, kuma an riga an kai ta makwancinta.

Shi kaɗai ya rage a garin mai ɗaukar hoto fari da baƙi da fim. Yana da gilasai uku masu launi da yake ɗaurawa a bakin kyamara: rawaya, kore da ja. Kowanne yana haskaka abin da ke da launinsa. Ja ne ɗan gatansa, don shi ke duhunta sama har gajimare ya fito fes a kan duwatsun Faskari. Wa ke sayen hoton gajimare? Babu. Hamida ta sha faɗa masa.

Ita sana'arta ƙunshi. Akwai wani zane da take yankawa da reza a jikin salatif, ta manna a tafin hannu kafin ta shafa lalle. Mata har daga Pauwa suna zuwa dominsa, ba ta kuma taɓa koya wa kowa ba. Da ciwo ya ci ƙarfinta, sai ta yi shi a hannunta, ta ce a ɗauka saboda 'yarsu Sa'adiya ta riƙa kwaikwaya. Sa'adiya ta ciro waya, uban ya daka mata tsawa, wai hoton waya ba ya kai shekara. Ya ɗauko kyamararsa, ya ɗauka sau ɗaya, don fim ɗin saura ɗaya ne.

Yanzu ga Sa'adiya ta taso daga Sabuwa da goyo a baya, ta ce ba za ta koma ba sai da hoton. Bayan azahar ya shiga ɗakin wankin hoto ya ja labule. Gwiwoyinsa na ciwo, idonsa na ruwa, aikin da da yake gamawa kafin la'asar ya kai shi har rana ta yi sanyi. Duwatsu suka fito, gajimare ya fito. Sai hannayen Hamida, a buɗe a kan zanen da ta ɗaura, tafukan fari tas. Ko ɗigon lalle babu.

Bai tsaya neman dalili ba. Ya ɗauko kyamarar daga ƙusa, ga jan gilashin nan ɗaure a bakinta tun ranar da ya dawo daga Faskari. Shekara arba'in yana wannan aiki. Da kore ya sa, da zanen ya fito baƙi ƙirin.

Sa'adiya ta daɗe tana kallon hoton.

"Baba, to ina lallen?"

Ya kwance gilashin ya miƙa mata, ya ce ta duba hannunta ta ciki. Ta kara a ido, ta ga nata lallen ya dusashe ya saje da fata. Ba ta ambaci waya ba, shi kuwa da ta ambata da ya fi samun sauƙi.

Ta goge hoton da bakin mayafinta. A gindin babban yatsa ga tabon reza nan, wanda lalle ya saba rufewa, ya fito sarai.

"Ba ni shi hakanan," in ji ta. "Hannun Inna ne dai."

Ya zauna a bakin benci, gajiya ta sauko masa gaba ɗaya. Ta ajiye masa gilashin a gefe, ta gyara goyonta, ta ce bari ta je tasha kada motar Sabuwa ta cika.