Tururuwar Rumbun Madu

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, mutum ɗaya ne a Makoda bai damu ba, wato Madu, falken hatsi ɗan asalin Barno. Rumbu bakwai gare shi a bayan gida, duk a cike.

Ƙanensa Uwaisu ya same shi a zaure.

"Yaya, mutane sun fara cin ganyen tafasa ba gari. A buɗe rumbu ɗaya mana."

"Zakka na fitar, liman shaida ne," in ji Madu. "Saura gumina ne. In na rabar, baɗi wa zai kora jakuna ya kawo wa garin nan hatsi? Kai?"

"Haƙƙin maƙwabci fa?"

"Ba a rubuta masa mudu ba."

Kwana uku bayan haka aka binne Yakaka, tsohuwar da ke zaune bayan dangar Madu. Ba ta taɓa roƙonsa komai ba.

Ran Juma'a da rana tsaka Madu ya zagaya duba rumbuna. A gindin na bakwai ya ga tururuwa sun yi layi, faɗinsa ya kai tafin hannu, kowace da ƙwayar gero a baki. Ya zuba toka, suka ratsa ta. Ya kawo garwashi, suka bi ta kai, ko ɗaya ba ta ƙone ba.

Sai ya bi su. Suka wuce rijiya, suka wuce gonar maƙwabcinsa Sama'ilu da ta bushe, ba tsuntsu, ba iska. Suka shiga maƙabarta. A kan kabarin Yakaka gero ya taru ya yi tsibi, tas, kamar an sheƙe shi. Daga nan layin ya rabu, ya nufi waɗansu sababbin kaburbura huɗu, ƙanana.

Can ƙarƙashin ƙasa ya ji ana daka. Taɓarya ɗaya, a hankali, irin dakan mai rauni.

Ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya.

"Uwaisu, kira mutane."

Rumbu shida aka raba kafin la'asar. Na bakwai kuwa, duk yunwar da ake ciki, ba wanda ya yarda ya miƙa ƙwaryarsa. Madu ya ci gaba da fataucinsa har tsufa, amma bai ƙara cin tuwon gero ba.