Gurbin Nomau

"Shigo mana, Ilyasu, tarin ba ya kamun mutum," in ji Nomau daga kan tabarma.

Na shiga ina sunne kai. Ba dubiya ce ta kawo ni ba, kuma ya sani. Ranar Litinin Nasaran injin man gyaɗa zai yi jarrabawar masu haɗa tiyon ƙarfe da wuta, don a cike gurbin Nomau, wanda hayaƙin aikin ya cinye wa ƙirji.

Shekara shida da suka wuce tare muka yi wannan jarrabawa. Kowa ya haɗa tiyonsa, aka ɗura ruwa, aka matsa da famfo. Nawa ya yi ta zubar hawaye gaban jama'a. Na Nomau, ɗan maƙeran Jiratawa da ko "bonjur" ta gaisuwar Faransanci bai iya ba, ko gumi bai yi ba. Shi ya samu takarda mai hatimi, ni na koma liƙin bokitai a kasuwar Maraɗi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ran da ya sayi keke ban ci tuwo ba, ban kuma ɓoye wa kaina dalili ba. Na gama yarda asirin maƙera ne.

"Ka ba ni layar," na ce. "Kai dai ka gama da ita."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Tsahara ta leƙo, ta harare ni.

"Wace laya? Sauri gare ka, shi ke nan. Miƙo hannu."

Ya sa mini karan dawa a hannu, ya kama wuyan hannuna, muka zagaya bakin tulu sannu-sannu.

"Kak ka bi wuta. Jira ƙarhe shi narke, shi kira ka, kana ka matsa."

Mutum yana bakin kabari, amma hannunsa ko rawa ba ya yi. Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tausayi.

Litinin da hantsi, na rataya gilashin aiki ke nan, sai kuka ya tashi bayan katanga. Na tsaya a zaure. Liman ya ce ƙarfe goma za a kai Nomau makwancinsa. Ƙarfe goma kuma Nasara ya sa jarrabawa. Na bi ta bayan gida don kada a gan ni.

A wurin jarrabawa na jira ƙarfe ya narke. Aka ɗura ruwa, aka matsa famfo. Ko ɗigo.

Da na dawo an watse daga maƙabarta. Na yi sallama gidan Nomau, takardar tana naɗe cikin aljihuna.

"Malam Ilyasu, ka ci?" in ji Tsahara, ba ta ɗago ba.

"Na ci."

"Jiya ya ce za ka ci. Ya ce in ka makara wurin sallatai, kar a ga laihinka."

A gefen tsakar gida, inda aka yi masa wanka, ƙasa ba ta bushe ba tukuna, kaji suna ta tono a wurin.