Ƙullutun da Na Share

Ban taɓa ganin zane mai taurin kai irin na ƙafar surukina ba. Baba yana da ciwon suga, likita ya ce ko ƙwarzane ya samu a ƙafar nan sai an yi da gaske kafin ya warke. Shi ya sa maigidana ya ce a ɗinka masa takalmi daidai ƙafarsa a shagon da nake aiki. Ni nake zana samfur a kwamfuta, inji ya yanka fata.

Tsohon maɗinkinmu, Sarkin Zare, shi ya ɗora ƙafar Baba a kan kwali ya zagaye ta da fensir, hannunsa kuwa rawa yake kamar mazari. Da na shigar da zanen cikin kwamfuta, layi ɗaya tal ya fito da ɗigo ɗari tara da 'yan kai. Inji ya ɗauka, ya yi ta in'ina, ya tsaya, ya ci gefen fata. Har sau uku! Raina ya gama ɓaci.

Na sa manhajar ta rage ɗigon da kanta, sai ta mayar mini da ƙafar mutum kamar ƙwai. Na koma baya na bi da hannu, ina cire ɗigo ina jan lanƙwasa har wuyana ya ƙage. Ko'ina ya kwanta sumul, ban da wani ƙullutu a gefen ƙaramin yatsa. In na danne shi nan, ya kumburo can. Na leƙa in tambayi Sarkin Zare, aka ce ya tafi gyaran tabarau. Na yi tsaki na ce ai rawar hannunsa ce, na haɗa ɗigo bakwai na share. Layi ya miƙe, inji ya yanka ba gardama.

Ashe ƙashi ne, tsohuwar karaya.

Baba ya sa takalmin tun da safe yana ta sa mini albarka, ya zaga maƙwabta yana nuna aikin surukarsa. Da la'asar ƙanwar mijina ta zo cire masa safa, safar ta manne. Jini ne ya manne ta da ƙafar. Na durƙusa ina kuka na faɗa masa abin da na share, na tambaye shi me ya hana shi magana tun da ya ji takalmin yana cinsa.

Ya daɗe yana juya takalmin a hannunsa.

"Share hawayenki, 'yar nan. Aikinki ya yi kyau. Ƙafar ce ba ta zo daidai da shi ba."