Gashin Bakin Don Eulogio

Bakin Don Eulogio ne ya ja masa. A taron ƙungiyarsu ta masu hira ta rediyo a Tupungato, Casimiro mai gashin nama ya dubi tsohuwar oba-obar soja da Eulogio ya tsinto wurin 'yan gwangwan ya gyara, ya ce wannan akwati ko kare ba zai kira daga bayan gida ba. Eulogio ya buga tebur, ya ce ranar Lahadi muryarsa za ta tsallake duwatsu ta sauka ƙasar Chile kafin naman Casimiro ya gasu. In ba haka ba, a aske masa gashin baki a gaban kowa.

Gashin bakin kuwa ba na wasa ba ne. Tun yana saurayi aska ba ta taɓa shi ba, ya murɗe hagu da dama kamar ƙahon bijimi.

Ranar Lahadi da hantsi aka hallara a gonar inabi. Casimiro ya shimfiɗa haƙarƙari bisa wuta, ya ajiye aska da sabulu kan tebur inda kowa zai gani. Eulogio ya sauke akwatin, kore, duk fentin ya kankare, ya ɗaure eriya a kan bishiya. Sai dai wannan rediyo ba ta san batir ba. Injin hannu gare ta mai mariƙi biyu, wani ya zauna yana juyawa, wani yana magana. Ya dubi abokansa.

"To, wa zai juya?"

Wannan ya ce kafaɗa ke masa ciwo, wancan ya ce ƙugu. Kowa so yake ya ga leɓen Eulogio.

"Munafukai!" in ji shi.

"Juya da kanka mana, sarkin yaƙi," in ji Casimiro, yana fifita wuta da kwali iya ƙarfinsa.

Ya gwada. In ya juya ba hannun riƙe abin magana, in ya riƙe wuta ta ɗauke. Ana ta dariya, kitse ya fara ɗiga cikin garwashi.

Sai ga matarsa Nélida ta ajiye kwanon shayin mate, ta naɗe hannun riga. Mace ce da ke kwaɓa fulawar burodin unguwa guda kowace safiya. Kuma ba wanda ya tsani wannan gashin baki kamarta, kullum cewa take miya ce ke kwana a ciki.

"Matsa, tsoho."

Ta zauna ta kama. Injin ya yi kuka, allurar ma'aunin wuta ta miƙe tsaye. Eulogio ya danna abin magana ya soma kira, yana faɗin lambarsa ta rediyo, yana neman duk wanda ke Chile. Ba komai sai shuuu. Ya murɗa maɓallin neman tasha, ya sake kira. Wani daga San Juan, nan cikin ƙasarsu, ya amsa.

"Ba kai nake nema ba, ɗan'uwa, ba ni hanya!"

"Na juya nama!" Casimiro ya yi ihu. "Wanzami ya shirya!"

Gumi ya jiƙa rigar Eulogio. Ya murɗa kaɗan, ya kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga rijiya, wata murya ta ce Hernán ne daga Rancagua, wa ke kira?

"Chile!" Eulogio ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Chile ce, Casimiro, kana ji?"

Waɗanda suka ce ƙugu duk suka taso a guje. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce: sai kowanne ya maimaita lambar ɗan'uwansa kafin a ce an gaisa. Eulogio ya buɗe baki zai faɗi tasa, sai allura ta kwanta. Nélida ta saki mariƙi, ta harɗe hannuwa.

"Ke! Juya! Zai tafi!"

"Rabi," in ji ta.

"Rabin me?"

"Ƙahon nan biyu. Ni zan rage da almakashina, yau ɗin nan."

"Tsohuwa, so kike ki kashe ni?"

"Casimiro duka zai kwashe. Zaɓi."

Casimiro ya riga ya ɗauki wuƙa yana tsira wa nama. Eulogio ya shafa gashin, ya dubi wuta, ya dubi allura.

"Rabin! Juya, don Allah!"

Ta kama da ƙarfi har ƙafafun injin suna rawa. Ya kwarara lambarsa, Hernán ya maimaita ta daidai, shi ma ya mayar masa da tasa. Wuri ya kaure da ihu. Wani ya ruga ya yanko haƙarƙari ya ɗaga sama, cikinsa ja wur, jini na ɗiga.

"Ɗanye ne! Bai gasu ba!"

Casimiro ya mayar da askarsa aljihu yana ƙunƙuni. Eulogio ya rungume akwatin ya sumbace shi. Yana ɗagowa ya ga Nélida ta ja kujera zuwa inuwa, ta zaro almakashi daga jakarta.

"Au, da shi kika zo?"

"Tun daga gida. Zauna, kada ka motsa."